Garwashin Maman Salama

Duk wanda ya taɓa yin lodi a kamfanin bokitin roba da ke can ƙarshen wani layi a Sharaɗa ya san Baba Sila. Shi ne dogon dattijon nan mai gadin ƙofa, mai furfura a saje, wanda ba ya buɗe wa mota get sai ya zagaye ta yana duba tayoyi kamar shi zai saye ta. In ka tambayi ma'aikata da me suka fi saninsa, ba za su ce gadi ba. Za su ce lofe.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Zonkwa. Ya zo Kano yana saurayi, lokacin da masaƙun Bompai ke aiki ba ƙaƙƙautawa, ya samu gurbi a sashen rini, ya yi shekaru hannuwansa ba su rabu da shuɗi ba. A nan ya auri Lami, a nan suka haifi 'ya'yansu. Da masaƙar ta fara tangal-tangal har aka garƙame ta, sai ya koma wani kamfanin jima a Challawa yana juya fatu cikin ruwan magani. Warin wurin ne, in ji shi, ya ɗaura masa aure da lofe, wanda a da sai ya je gida Kirsimeti yake taɓawa cikin tsofaffi. Da ƙugunsa ya gaza ɗaukar jiƙaƙƙiyar fata, wani tsohon abokin aiki ya yi masa hanya aka ɗauke shi gadi a Sharaɗa. Lami ta rasu bayan doguwar jinya. Yara suka watse, ɗaya Abuja, ɗaya Kaduna, suka yi ta roƙonsa ya koma gida ya huta. Ya ce wanda kunnensa ya saba da ƙarar inji ba zai iya zama da kukan kurciya ba. Ya ci gaba da zamansa a ɗaki guda a Na'ibawa, daga shi sai rediyo da keke.

A coci an sha yi masa magana a kan tabar nan. Fasto ya taɓa ce masa ba don ita ba da tuni an sa shi cikin dattawan ikilisiya. Sila ya ce ya gode, dattawan da ke nan ma sun isa.

Shan lofe a wurinsa ba abin gaggawa ba ne, kuma rabin daɗinsa a wajen kunnawa yake. Ashana ba ya ko kallonta, wai warin kanta yana riga tabar isa maƙogwaro. Laita kuwa ya ce ta 'yan sigari ce, masu sauri kamar ana korarsu. Tana ƙona bakin lofe, ga ƙaurin gas. Abin da ya yarda da shi garwashi ne, shi ma ba kowanne ba. Na gawayi ya cika zafi, zai cinye tabar kafin ka ji ɗanɗanonta. Na kara kuwa toka ce kawai. Sai na itace mai nauyi, kirya ko marke, wanda ya ci ya yi ja har ciki, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ɗauke shi da yatsunsa da suka yi kanta, ya ɗora a kan tabar, ya ja a hankali, wutar ta sauka da kanta.

Wannan garwashi a wuri ɗaya yake samunsa. An hana shan taba a cikin kamfani, don ko'ina roba ce. Saboda haka da an busa jiniyar hutun rana sai ya bar wa abokin gadinsa ƙofa, wani mutumin Damagaram mai suna Mamman, ya tsallaka titi zuwa gindin dalbejiyar da Dabora ke sayar da abinci.

Dabora 'yar Filato ce, daga wajen Pankshin. Mijinta ya rasu tun 'yarta Salama na goye, kuma kowa a layin Maman Salama yake ce mata. Baƙa ce kakkaura mai wushirya, mai dariya da ƙarfi, amma ba ta ɗaukar raini ko daga bakin manaja. Shinkafa da wake take yi da tuwon masara, ranar Asabar ta ƙara da gwate. Sila ba ya faɗin abin da yake so. Tana hango shi yana tsallakowa ta fara zubawa. In ta ga ya wanke hannu ya fiddo jakar tabarsa, sai ta sa wani tsohon cokali ta tona murhu, ta zaɓo, ta ɗora a marfin gwangwani, ta hure tokar, ta miƙa masa.

"Ga wutarku, Baba Sila."

"Na gode, Maman Salama."

Shekara da shekaru maganar ba ta cika wuce haka ba. Shi ne dai ke ɗaure mata rumfa kafin damina, shi ke buga wa benci ƙusa in ya fara rawa. Ranar Lahadi da ba aiki, in ya kunna da garwashin maƙwabta ya ji tabar salam, sai ya ce itacensu ne ba shi da kyau. Bai taɓa zama ya tambayi zuciyarsa wani abu ba, ita ma ba ta matsa masa ba.

Wata damina aka canja wa kamfanin direban da ke kawo ƙwayar roba daga Legas. Sabon, Musa sunansa, gajere ne mai tumbi da hular hana-salla, zai yi hamsin da wani abu, kuma irin mutanen nan ne da kafin su gama gaisawa da kai ka ji kamar tare kuka yi makaranta. Ya ci abinci a bencin Dabora, ya yaba miya, ya sha ruwa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fiddo lofe, baƙi wuluk mai sheƙi, ya cika shi, ya fiddo wata laita ta ƙarfe mai fitar da wuta ta gefe. Ƙyas, ya kunna.

Ma'aikatan da ke wurin suka juya gaba ɗaya suka kalli Sila. A duk layin ba su taɓa ganin lofe na biyu ba.

"Baba Sila, an yi muku ƙani," in ji ɗaya.

Sila ya dubi laitar ta wutsiyar ido. "Wanda ya kunna da gas ai gas yake sha."

Musa ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Baba, mu da muke kan hanya ina muka ga murhu? Wannan don lofe aka yi ta. Kun ga wutar ƙasa take kallo, ba ta taɓa katakon."

"To me ya baƙanta bakin naka?"

"Ai da ma baƙi ne!"

Aka fashe da dariya. Daga ranar, duk zuwan Musa sai an tayar da gardamar, ma'aikata na zuga su kamar 'yan dambe. Wasu na bayan laita, wasu na bayan garwashi. Mamman ma yakan leƙo daga bakin get ya ce duk ƙarya suke yi, tsofaffin garinsu da ƙyastu suke kunnawa, kuma taba ta gaskiya ma a baki ake sa ta da kanwa. Sila na jin daɗin abin a lokacin. Ya daɗe bai samu masu saurarensa haka ba, kuma yana lura Dabora na murmushi in ya kayar da Musa da magana.

Da bai ci nasara ba da ya fi masa. Wata rana Musa ya ajiye laitarsa a benci ya ce, "To Baba, yau zan gwada naku, in ji abin da kuke ta cika baki a kai. Madam, a taimaka mini da wuta."

Dabora ta ɗauki cokalin nan, ta tona murhu, ta zaɓo, ta ɗora a marfin gwangwanin nan, ta hure tokar, ta miƙa wa Musa. Sila ya bi hannunta da kallo tun daga murhu har benci. Bai taɓa ganin abin daga gefe ba. Ashe har ɗan karkata kai take yi in za ta hura.

Musa ya ƙone yatsa, ya yi tsalle, aka yi dariya, ta ba shi cokalin ya ƙarasa. Ya zuƙa, ya lumshe ido, ya fesar.

"Kai! Baba, gaskiyarku ne. Ashe shekarun nan duk hayaƙin banza nake sha."

Ya ɗauki laitar ya tsallaka titi ya ba Mamman kyauta, ya ce ya riƙa hura gawayin shayi da ita. Ma'aikata suka yi wa Sila tafi. Shi kuwa tabar da ke bakinsa ta koma masa kamar ya tauna ganyen dalbejiya.

A ranar kuma wata ta sake faruwa. Ruwan zafi ya fallatsar wa Dabora a ƙafa, ta yi wata 'yar magana da yarensu, sai Musa ya amsa mata da yaren. Ta saki ludayi ta dafe ƙirji. Ashe ƙauyukansu tsauni ɗaya ne ya raba su. Suka shiga lissafa dangi da kasuwanni da sunayen rafuka, tana dariya har da hawaye. Sila na zaune a tsakaninsu kamar buhu. Kalma ɗaya kawai yake ganewa a bakin Musa, ita ce sunanta. Dabora, Dabora, gatsau, ba ko sakayawa. Shi da ya yi shekaru a bencin nan bai taɓa furta sunan ba.

An ce kishi kumallon mata ne, amma wanda ya faɗa bai ga Sila a daminar nan ba. In Musa na gari, idonsa na kan murhu: garwashin wa aka fara tonowa, na wa ya fi ja, na wa aka fi hurewa. Ranar da ta haɗa biyu a marfi ɗaya ta ce su raba, bai ɗauka ba, ya ce kansa ke ciwo. In Musa ba ya gari kuma ba sauƙi, don tana tambaya, "Baba Sila, motar Legas ba ta shigo ba?" Ya ce shi gadi aka ɗauke shi, ba duba ba. Da tirelar ta iso kuwa sai ya bar ta a waje cikin rana, ya zagaye ta, ya sake zagayewa, ya ce takardar ba ta fito sosai ba, a jira ya kira ofis. Musa ko a jikinsa. Ya kashe mota ya tsallaka wajen Dabora ya jira a can, abin da Sila bai hango ba ke nan.

Daga nan ya yi yaji. Ya koma cin abinci wurin wata Fanna a ɗaya layin, mai tuwo kamar dutse. Ya sayi ashana, shi Sila da kansa, ya riƙa zama a kan wata tsohuwar taya a bakin kwata yana ƙyastawa iska na kashewa, yana tari. Mamman ya same shi a nan wata rana, ya tsaya yana kallon tsinkayen ashana da suka zube a gabansa.

"Baba Sila, ga laita in kuna so."

"Ka riƙe kayarka."

"To. Amma ni dai a garinmu, in raƙuminka ya saba shan ruwa a rijiya, ba a jira sai wani ya zo da garkensa sannan a ce rijiyar tawa ce."

"Wa ya yi maka maganar rijiya?"

"Ba kowa. Zancen raƙuma nake yi."

Dabora da kanta ta tsallako washegari da kwano a rufe. Ta tsaya a bakin ɗakin gadi, hannu a ƙugu.

"Baba Sila, laifin me na yi muku? Ko gishiri ne ya yi yawa?"

"Ba komai. Likita ne ya ce in rage manja."

"Fanna da ruwa take miya?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli titi, sannan abin da ke cinsa ya fito ta wata ƙofa daban. "Ni dai shawara zan ba ki, Maman Salama. Direban babbar mota ba shi da gari. Kowace tasha gidansa ce."

Ta dube shi ta daɗe. "Na ji," in ji ta. Ta ajiye kwanon a kan taga ta koma.

Maganar da ya faɗa ba shi da hujjarta, kuma abin ya tsaya masa. Ranar hutunsa ya bar keke ya hau adaidaita ya ratsa gari har Dakata, inda manyan motoci ke kwana. Ya zauna wurin mai shayi, ya shiga hira da direbobi da makanikai kamar mai neman a kai masa kaya. A hankali ya sako sunan Musa. Yana jiran ya ji an ce mace a Lokoja, mace a Ibadan, ko kwalba a ƙarƙashin kujera. Sai ya ji akasin haka. Matar Musa ta rasu wajen haihuwa, yaransa na hannun tsohuwarsa a ƙauye, duk abin da ya samu can yake turawa. Wani makaniki ya ce Musa ne ya ɗauke shi daga bakin hanya ranar da mota ta faɗo masa a ƙafa, ya kai shi asibiti ya zauna da shi. Wani ya ce aibinsa ɗaya, surutu. Sila ya bi gareji gareji har rana ta yi sanyi, bai samo ko ƙwayar zarra ba. Ya koma Na'ibawa yana jin haushin mutumin fiye da yadda ya fito. Da ɗan iska ne da an san yadda za a yi da shi.

Bayan kaka Musa ya same shi a bakin get, ya cire hula, ya ɗan rusuna, abin da bai saba ba.

"Baba, wata alfarma na zo nema. Ina son in auri Dabora, ita ma ta yarda. Amma tana da kawu a Hotoro, tsohon soja, shi ne ubanta a garin nan. Ya ce ba zai saurari direba ba sai na zo da dattijon da ya san ni ya san ta. Na tambaye ta wa zan kai, ta ce duk Kano ba wanda take jin nauyinsa kamar ku."

Sila ya ji kamar an ɗora masa jiƙaƙƙiyar fatar saniya a kafaɗa. Ya ce zai yi tunani.

Washegari ya yi sammako. Ya tarar da Dabora ita kaɗai tana jera itace a murhu, ko ma'aikatan safe ba su fara wucewa ba. Ya jingine keke, ya tsaya, ya gyara murya.

"Dabora."

Ta ɗago da sauri. Ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Da ni ne na zo da maganar nan, me za ki ce?"

Ta ajiye itacen da ke hannunta, ta goge tafinta a zane. Ba ta yi dariya ba.

"Yaushe? Da ka zo shekarar da ka fara ɗaure mini rumfa, ko wadda ta biyo ta, ko ta bayanta, da yanzu wani zancen ake yi. Kana tsammani kowa nake zaɓar wa garwashi? Har matan zumuntar cocinmu sun gaji da yi mini tsiya a kanka. Na jira, na jira, na ce to, mutumin nan wuta kawai yake so. Musa kuwa zuwansa kaɗan ya buɗe baki ya faɗa."

"To yanzu na faɗa."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Sila. Na riga na yi masa alkawari. In ba za ka iya zuwa Hotoro ba, ba zan riƙe ka ba. Za mu nemi wani."

Ta sunkuya ta ci gaba da haɗa wuta. Ya tura kekensa ya tsallaka titi. Ranar nan bai ci abinci ba, kuma motoci suka yi ta shiga ba wanda ya duba musu taya.

Ranar Lahadi bayan sujada ya sa babbar rigarsa ta Kirsimeti suka tafi Hotoro. Kawun tsoho ne mai ido ɗaya da sanda a gefe, ba ya son dogon zance. Ya sa Musa ya zauna a ƙasa, ya ba Sila kujera. Dabora na ƙofar ɗaki tare da matan gida.

"Kai ne dattijon? To ni na yi yawo a aikin soja, na san direbobi. Tsakaninka da Allah, ka san mutumin nan? In ka ce mini akwai shakka ko kaɗan, magana ta ƙare a nan."

Sila ya ga ba ma sai ya yi ƙarya ba. In ya ɗan yi jim kawai, ya ce shi dai a bakin get ya san shi, shi ke nan magana ta ƙare. Maganar ta zo masa har kan harshe, ya ji daɗinta. Ya dubi ƙeyar Musa da ke gumi, ya ji kamar ya ranƙwashe ta. Bai kalli ƙofa ba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ba son sa nake yi ba, kowa a Sharaɗa ya sani. Na bi sawunsa har Dakata da ƙafata ina neman abin da zan kama shi da shi. Na wuni ina tambaya. Ban samu ba. Yana riƙe da tsohuwarsa, yana riƙe da marayunsa, ba ya sha, ba ya bin mata. Surutu ne da shi kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Iyakar abin da na sani ke nan."

Musa ya waiwayo baki buɗe. Kawun ya buga sanda a ƙasa ya ƙyalƙyale da dariya.

"Shaidar maƙiyi ta fi ta masoyi goma. Na ba shi."

Mata suka rangaɗa guɗa. A hanyar komawa Musa ya rungume shi a bakin titi yana cewa bai san da wane baki zai gode ba. Sila ya zame jikinsa ya ce zai yamutsa masa riga.

An ɗaura aure kafin Ista. Sila ya zauna a sahun gaba a matsayin uban ango, ya ci shinkafar biki ya ce ba ta kai ta bakin get ba, ya tafi kafin a fara rawa. Dabora ba ta bar sana'arta ba, don Musa rabin wata a hanya yake. Sila ya koma bencinsa da kaɗan kaɗan. Sai dai in tirelar Legas ta shigo, yakan ce wa Mamman yau shi zai tsare ƙofa, Mamman ya je ya huta.

Matsayin uban ango kuwa ashe ba ya ƙarewa ranar biki. Ana cikin damina ta gaba sai ga Dabora ta tsallako da safe, ido jawur. Musa ya yi mata alkawarin zai dawo su je ganin Salama a makarantarta ta koyon jinya, sai ya karɓi wani lodi ya zarce Fatakwal bai ko buga waya ba. Da ya dawo ta yi magana, ya ce ita ba ta san wahalar hanya ba. Ta kwashe kayanta ta koma Hotoro, kawu kuma ya ce a kai ƙara wurin wanda ya tsaya wa Musa.

Sila ya saurare ta da fuskar jimami, yana girgiza kai. A cikinsa kuwa kamar ana kiɗan kalangu. Duk safiyar nan yana fito, ya buɗe wa motoci get da fara'a har wani direba ya tambaye shi ko an yi masa jika ne. Mamman na kallonsa yana zuba shayi.

Da rana ya aika aka kira Musa. Ya zaunar da shi a kan tayar bakin kwata, shi kuma yana tsaye, ya wanke shi tas. Ya fara daga Fatakwal, ya bi ta kan surutunsa, da tumbinsa, da hularsa, da yadda yake shigo da tirela da baya kamar mai koyo. Ya ce mace irin wannan, wadda wani zai yi shekaru yana kallo bai iya ko kiran sunanta ba, shi ya same ta a sama har yana gaya mata wahalar hanya. Musa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Gaskiya ne, Baba. Na yi kuskure, Baba." Sila ya so a ce ya musa ko sau ɗaya, don ya samu na ƙarawa.

Da ya gaji ya ce, "Tashi. Ka je ka yi wanka, ka sayi atamfa mai kyau, ba irin ta tasha ba. In na tashi aiki ka zo mu je Hotoro."

Suka je, ya ba kawu haƙuri, ya ba Dabora haƙuri, ya sa Musa ya durƙusa a gaban mata. Kafin magariba ta fito da jakarta. Musa ya tare adaidaita, su biyu suka shiga baya, tun ba a tayar ba sun koma yarensu, tana yi masa faɗa yana dariya. Suka matsa suka ce ga wuri, Baba ya shigo a sauke shi a hanya. Ya leƙa ya ga wurin da suka bar masa, ya ga jakarta a cinyar Musa. Ya ce su je kawai, shi yana da wanda zai gani a unguwar. Ba shi da kowa a Hotoro. Ya tsaya har suka sha kwana, sannan ya taka zuwa babban titi ya nemi motar Na'ibawa.